Shafin farko na manhajar hannayen jari: me ido zai fara cin karo da shi?

Mutum yana tsaye yana jiran mota, ko ya farka da safe bai ma sauko daga gado ba, sai ya zaro waya ya buɗe manhajar da ke ba shi labarin kasuwar hannayen jari. 'Yan daƙiƙu zai yi a ciki. Tambayar da ke ransa guda ɗaya ce: abin da na zuba kuɗina a ciki yana nan lafiya, ko wani abu ya faru da ya isa in tsaya in duba? Amsa wannan tambaya shi ne aikin shafin farko. To amma buɗe da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji ka sha kallo. Lambobi na gudu a sama, kanun labarai na tsakiya, talla na leƙowa daga gefe, ga jerin kamfanonin da suka fi tashi yau, ga na waɗanda suka fi faɗuwa, ga farashin zinare da ɗanyen mai da kuɗin kirifto. Abin da mutumin ya zo nema kuwa yana can ƙasa, sai ya ja shafi sau biyu ko uku kafin ya iske shi.

Wannan cunkoso gado ne. A 1867 Edward Calahan ya ƙirƙiro wata na'ura a birnin Niyok wadda ke buga gajerun sunayen kamfanoni da farashinsu a kan siririyar takarda, ta hanyar wayar tangaraho. Dole bayanin ya zo a jere, ɗaya bayan ɗaya, domin waya ɗaya ce ke ɗauko shi. Layin lambobin nan da ke gudu a ƙasan talabijin, wanda wasu manhajoji suka kwafo suka manna a saman shafinsu, jikan wannan takarda ne. Ita takardar tana da uzuri. Wayar hannu ba ta da shi, domin za ta iya nuna maka kamfanin da kake so nan take ba tare da ka zauna kana jiran ya gifta ba. Gado na biyu daga na'urar Bloomberg ya fito, wadda ta shiga kasuwa a 1982 da baƙin allonta mai cike da rubutu ruwan lemo. An gina ta ne domin ƙwararren da ke wuni a gaban manyan alluna, wanda cinikin nan shi ne abincinsa. Shi yawan bayani ba ya ruɗa shi. Kuskuren shi ne ɗauko wannan tsari a cusa shi cikin allon da bai wuce tafin hannu ba, a miƙa wa wanda ke leƙawa sau ɗaya a yini.

Akwai kuma sababi na uku, wanda masu aikin zayyana manhaja suka fi kowa sani. Shafin farko shi ne filin da kowane sashe na kamfani ke son ya kafa tuta. Masu kula da labarai na son kanunsu ya hau sama, masu neman kuɗin shiga na son gurbin talla, wanda ya ƙirƙiro sabon abu a watan jiya yana son a gan shi. Kowa ya zo da buƙatarsa sai a matsa a ba shi wuri, ba wanda ake cewa ya tashi. Bayan shekara uku ko huɗu shafin ya zama taswirar ofisoshin kamfanin, mai amfani da shi kuwa ya zama baƙo. Shi ya sa sake fasali na gaskiya da ragewa yake farawa, kuma ragewar ce ke jawo rigima a ɗakin taro.

Kafin a san abin da za a rage, sai an yanke hukunci a kan wa ake yi wa aikin. Mai ciniki na yini, wanda ke saye da safe ya sayar kafin a tashi kasuwa, yana son farashi na daƙiƙar nan, da yawan hannayen jarin da suka sauya hannu, da tazarar da ke tsakanin tayin mai saye da sallamar mai sayarwa. Mai ajiya na dogon zango, wanda ya saya domin shekara goma, ba ruwansa da wannan; jimillar abin da ya mallaka yake son gani, da ranar da kamfani zai raba riba ko ya fitar da rahoton kuɗinsa. Sabon shiga kuma bai mallaki komai ba tukuna, kalmomin ma ba su zauna masa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Wasu masu zayyana kan guje wa wannan hukunci da cewa a bar kowa ya tsara shafinsa yadda yake so. Ba laifi a ba da wannan dama, sai dai sanannen abu ne cewa yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar. Yadda manhaja ta zo musu ranar farko, haka za su ci gaba da amfani da ita. Saboda haka tsarin da ka zaɓa ya zama na asali shi ne ainihin hukuncinka, ko ka yarda ko ba ka yarda ba.

A nawa ganin, ga manhajar bayani da aka yi wa jama'a, jerin kamfanonin da mutum ya mallaka ko yake sa wa ido shi ya cancanci saman shafi. Ma'aunan kasuwa, wato lambobin da ke taƙaita tafiyar kamfanoni da yawa a dunƙule, irin su S&P 500 da Nasdaq da FTSE 100 da Nikkei 225 layi ɗaya siriri ya ishe su. Amfaninsu shi ne su gaya wa mutum ko faɗuwar da yake gani a nasa jarin ta kowa da kowa ce, ko kuwa kamfaninsa ne kaɗai ya yi tuntuɓe. Wannan bambanci babba ne, kuma layi ɗaya na iya bayyana shi.

Sai maganar wace lamba za a ƙara wa girma. A nan ana yawan yin ɓarna ba da niyya ba. Ranar 19 ga Oktoban 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi da maki 508. Ranar 16 ga Maris ɗin 2020 ya faɗi da maki 2,997. Wanda ya kalli maki kawai zai ce ta biyun ta ninka ta farkon kusan sau shida. Alhali ta 1987 kashi 22.6 cikin 100 ce, ta 2020 kuwa kashi 12.9. Ta farkon ce ta fi muni nesa ba kusa ba. Maki ba ya faɗin komai sai ka san daga inda aka taso, kuma ba kowa ke riƙe da wannan a ka ba. Haka abin yake ga farashin kamfani guda: ragin dala 5 a kan hannun jarin dala 500 ƙaiƙayi ne, a kan na dala 20 kuwa kashi ɗaya bisa huɗu na dukiya ne ya tafi. Don haka kaso cikin ɗari shi ya kamata ya fi fitowa fili, maki ya biyo baya da ƙaramin rubutu. Shi kansa Dow, wanda Charles Dow ya fara lissafawa a 1896 da kamfanoni 12, yau 30 ne kacal a cikinsa, kuma farashin hannun jari ne ke ba kamfani nauyi a lissafin, ba girman kamfanin ba. Sunansa ne ya yi tambari, shi ya sa ake ɗora shi a gaba, ba don ya fi sauran nuna halin kasuwa ba.

Abin da ya fi damuna dai shi ne tsawon lokacin da shafin ke aunawa. Kusan kowace manhaja canjin yau take fara nunawa, domin shi ne sabon labari. Amma masana halayyar ɗan Adam a harkar kuɗi sun daɗe da gano cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciya. Daniel Kahneman da Amos Tversky ne suka kafa wannan bayani a 1979, kuma ƙiyasin da ya biyo baya ya nuna zafin ya kai kamar ninki biyu. A 1995 Shlomo Benartzi da Richard Thaler suka ɗora a kai: wanda ke yawan duba jarinsa ya fi yawan cin karo da asara, saboda haka ya fi tsorata, ko da kuwa jarin nasa na hawa a tsawon shekaru. Dalilin a fili yake. A kwana guda, hawa da sauka kusan kunnen doki suke. Sai an ja zare zuwa shekaru ake ganin inda aka dosa. Manhajar da ke gaishe da mai ajiyar dogon zango da jar lamba kusan rabin safiyoyinsa tana koya masa fargabar da ba ta da tushe. Ba cewa nake a ɓoye canjin yau ba, haƙƙinsa ne ya gani. Amma a ajiye masa wata lamba a gefenta, wadda ke nuna inda yake tun ranar da ya saya, ko tun farkon shekara. Ɗan ƙaramin zanen hawa da sauka da ake sakawa kusa da sunan kamfani shi ma yana buƙatar kulawa: in aka matse ma'auninsa, motsin rabin kashi ɗaya cikin 100 sai ya fito kamar an faɗo daga kan dutse. A sa layin da ke nuna farashin rufewar jiya, ido ya samu abin gwadawa.

Yanzu ga wurin da zayyana ke taɓa aljihun mutane kai tsaye, wato jerin kamfanonin da suka fi motsi a yau. Kusan ba manhajar da ba ta da shi, domin yana jan ido, yana sa a danna. Brad Barber da Terrance Odean sun yi nazarin asusun gidaje 66,465 a wani kamfanin dillanci na Amurka tsakanin 1991 da 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun samu ribar kashi 11.4 cikin 100 a shekara, a lokacin da kasuwa ta ba da 17.9. Daga baya su biyun suka nuna cewa ƙananan masu zuba jari sun fi sayen kamfanin da ya ɗauki hankalinsu, wanda ke cikin labarai ko wanda farashinsa ya yi tsalle. Hikimar abin mai sauƙi ce: kamfanoni dubbai ne, mutum ba zai iya bin su duka ba, sai ya zaɓa daga cikin waɗanda aka ajiye a gabansa. To wa ke ajiye masa? Shafin farko.

An gwada wannan a zahiri. A wani binciken da aka wallafa a 2022, Barber da Odean tare da abokan aikinsu biyu sun duba masu amfani da manhajar Robinhood ta saye da sayar da hannayen jari, wadda a lokacin ke da jerin kamfanoni 20 da suka fi motsi, ko sama ko ƙasa. Sun tarar jama'a na yin tururuwa zuwa ga waɗannan kamfanoni, kuma waɗanda aka fi rububin saya a rana sukan koma baya da kimanin kashi 4.7 cikin 100 a kwanaki 20 masu zuwa, in an auna su da tafiyar kasuwa. Ita wannan manhaja ce kuma ta riƙa watsa hoton 'yan takardu masu launi a allo, irin na biki, idan mutum ya yi cinikinsa na farko. Hukumar kula da hannayen jari ta jihar Massachusetts ta shigar da ƙorafi a kanta a Disamban 2020, kamfanin kuma ya cire wannan ado a 2021. A Nuwamban 2022 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ita ma ta ja kunnen masu manhajojin ciniki a kan abubuwan da ke mayar da zuba jari kamar wasa.

Wani zai ce ai tamu manhajar bayani ce kawai, ba a saye ko sayarwa a cikinta. Wannan bai wanke ta ba. Wanda ya ga kamfani ya tashi da kashi 40 a shafinka, wata manhajar zai buɗe ya saya, kuma kai ka nuna masa hanya. Ban ce a kashe jerin gaba ɗaya ba, akwai masu buƙatarsa. A mayar da shi shafi na biyu, inda sai wanda ya nufe shi zai je. In kuwa dole ne ya zauna a gaba, to a tace shi, a fitar da ƙananan kamfanonin da cinikinsu bai taka kara ya karya ba, waɗanda kuɗi kaɗan ke iya ɗaga su sama da safe su dawo ƙasa da yamma.

Launi ma ba ƙaramar magana ba ce. A Amurka da Turai kore na nufin hawa, ja na nufin sauka. A Sin da Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan kuwa ja shi ne hawa. A Sin kore ne faɗuwa, a Koriya shuɗi. Manhajar da ke son shiga ƙasashe da yawa dole ta bar mutum ya zaɓa. Ko a ƙasa ɗaya ma launi kaɗai bai isa ba, domin a cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji ɗaya cikin 12 da mace ɗaya cikin 200 na da matsalar bambance launuka, kuma mafi yawanta tsakanin ja da kore take. Ka ga ke nan launuka biyun da kasuwa ta dogara da su su ne daidai waɗanda miliyoyin mutane ba sa rabewa da kyau. Maganin ba shi da tsada: alamar tarawa ko ta ɗebewa a gaban lamba, da kibiya mai kallon sama ko ƙasa. Zan ƙara da cewa a rage kaifin jan. Shafin da ya rine da ja wur kamar gobara yana tayar da hankali fiye da yadda lambobin suka cancanta.

Akwai wata gaskiya da shafin farko ke bin mai amfani da shi bashinta, wadda masu son tsabtar zane kan share domin wai tana ɓata kyau. Farashin nan na yaushe ne? Kasuwanni sayar da bayanansu suke yi, shi ya sa manhajoji da yawa na kyauta ke nuna farashin da ya yi jinkirin minti 15. A rana mai natsuwa wannan ba komai ba ne. A ranar da kamfani ya fitar da mummunan rahoto, minti 15 ya isa a yi asarar da za a daɗe ana jinya. Dole a rubuta lokacin a fili kusa da lambar. Haka nan a faɗa ko kasuwar a buɗe take ko a rufe. Kasuwar Niyok daga 9:30 na safe zuwa 4:00 na yamma take ci a agogon can, amma ana ciniki kafin buɗewa da bayan rufewa, inda masu saye ba su da yawa kuma farashi ke saurin zillo. In an gauraya farashin bayan rufewa da na rana ba tare da alama ba, an ruɗa mutum. In intanet ta yanke kuma, kada manhaja ta bar tsohuwar lamba tsaye kamar sabuwa; ta dusashe ta, ta ce ga lokacin da aka samo ta. Sannan wanda ke bin kamfanoni a ƙasashe daban-daban a nuna masa da wane kuɗi ake lissafi. A kasuwar Landan, misali, da fam ɗin Ingila ba a cika faɗin farashi ba, da kwabbansa ake faɗi, ɗari a fam guda, kuma wannan ya sha rikita baƙi.

Tsaga hannun jari shi ma tarko ne. A ƙarshen Agustan 2020 kamfanin Apple ya raba kowane hannun jari gida huɗu, farashi ya sauko daga kusan dala 500 ya koma kusan 125. Ba wanda ya yi asarar ko sisi, mai guda ɗaya ya wayi gari da huɗu. Nvidia ma ta yi haka a Yunin 2024, gida goma. Manhajar da ba ta gyara lissafinta ba za ta nuna wa mutum cewa kashi 75 ko 90 na dukiyarsa ya salwanta cikin dare. Layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin sunan kamfanin ya isa ya hana wannan firgici.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon zance, amma su ke sa a ji daɗin manhaja ba tare da an san dalili ba. A yi amfani da lambobi masu faɗi ɗaya, domin kada layi ya riƙa rawa duk lokacin da 1 ta koma 8, kuma a jera su ta dama yadda ɗigo zai hau kan ɗigo. Wurin dannawa kada ya gaza girman da Apple ko Google suka ba da shawara. Akwatin bincike da maɓallan da aka fi taɓawa su sauko ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa. Binciken da Steven Hoober ya yi a 2013 ya nuna kusan rabin mutanen da ya lura da su da hannu ɗaya suke riƙe waya. Labarai kuwa a taƙaita su ga kamfanonin da mutum ke bi, kuma a yi hattara da kanun da ke cewa farashi ya faɗi saboda kaza. Sau da yawa hasashe ne aka yi wa rigar tabbas.

Ko an gama zane mai kyau, fitar da shi wani yaƙi ne daban. Hannun mutum ya riga ya haddace inda komai yake, yakan danna kafin ma ya duba. Lokacin da Snapchat ya sauya fasalinsa a farkon 2018, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a dawo da tsohon, kuma cikin 'yan watanni kamfanin ya janye wani ɓangare na sauyin. Can hira da hotuna ne kawai. Ina ga inda kuɗin mutane yake? Wanda ya buɗe manhaja bai ga jerin kamfanoninsa a inda ya bar su ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wani abu ya ɓace. Saboda haka jerin da mutum ya tsara da hannunsa kada a taɓa shi, ko da jerin bai yi wa mai zane kyau ba. A fara ba mutane kaɗan sabon fasalin, a bar ƙofar komawa tsohon a buɗe na wani lokaci, a kuma saurari ƙorafi da kunnen basira, domin a raba kukan sabo da kukan ainihin matsala. Na farkon yakan lafa bayan mako biyu ko uku. Na biyun ba ya lafawa.

Da me za a auna nasara? In aka ce da yawan dannawa ko yawan mintunan da mutum ya ɓata a ciki, to jerin masu tsalle da jan launi da sanarwa mai firgitarwa su za su ci gasar kullum, kuma sannu a hankali shafin zai koma gidan jiya. Ma'aunin da ya dace da manhajar bayani daban ne. A miƙa wa mutum waya, a bar shi ya kalla na daƙiƙa biyar, a karɓe, a tambaye shi: jarinka ya hau ko ya sauka, da nawa, kasuwa a buɗe take, farashin na yaushe ne? Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya daɗe yana cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin amfani da manhaja, don haka ba sai an tara ɗaruruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zama kusa da shi ana kallon inda yatsansa ke tsayawa ya fi dogon muhawara a ofis.

Gwajin da aka fi mantawa da shi shi ne na ranar tashin hankali. Masu zane kan cika samfurinsu da lambobi masu daɗin gani, kore nan, ɗan ja can. A cika shi da lambobin Maris ɗin 2020 a gani. A watan nan sau huɗu aka dakatar da ciniki a kasuwannin Amurka, ranakun 9 da 12 da 16 da 18, domin dokar can ta ce in S&P 500 ya faɗi da kashi 7 cikin 100 a tsaya na minti 15, in ya kai 13 a sake tsayawa, in ya kai 20 a rufe sai gobe. A irin wannan sa'a kowa ke buɗe manhaja lokaci guda, na'urorin kamfani na nishi, lambobi sun daskare. Mutumin da ke riƙe da waya bai san ko kasuwa ce ta tsaya ko manhajar ce ta mutu ba, sai ya yi ta jan shafi yana sabuntawa. Ya kamata tun a ranar zane an tanadi gurbi a can sama, wanda zai ture talla da kanun labarai gefe, ya rubuta masa da baƙi mai girma cewa an dakatar da ciniki da ƙarfe kaza saboda faɗuwar ta kai kashi 7, za a koma da ƙarfe kaza, kuma lambobin da yake gani na kafin tsayawar ne.